Taubashi, Macijin Jikarka Ya Fi Ka Sanin Inuwa

Ɗan gwaggo, ina gajiya, ina ɗari? Ɗarin na fi tambaya, don a duk faɗin Tagazar shi kaɗai ne abokin gabar da ka taɓa yarda ya fi ƙarfinka. Ka gaida uwargida, ka ce ina yi mata sannu da haƙuri, Allah Ya ba ta ladan zama da kai.

Labarinka ya riga motocin kasuwa isowa Filinge. An ce ka zauna a majalisar bakin hanya nan Tabla, ka ɗaga waya kana zagayawa da ita, kowa ya ga jikarka ta Amurka da maciji naɗe a tsintsiyar hannu tana dariya. An ce ka yi salati har muryarka ta dushe. Da ka farfaɗo sai ka koma malami, ka shaida wa jama'a cewa cikin akwatin gilashi ake ajiye shi, ana hura masa zafi har digiri 85. Wani dattijo ya tambaya ko dafa shi ake yi, ka ce a'a, macijin ƙasar ƙanƙara ne, sai an gasa shi yake motsi. Majalisa ta gyaɗa kai, tunda kai ne mai ɗa a waje.

To bari in fid da kai kunya tun wani ɗan makaranta bai tona ka ba. Ma'aunin da ake gwada zazzaɓinka da shi a asibitin Balleyara daban, na Amurkawa daban. Nasu Faranhait ne, a cikinsa ruwa na daskarewa a 32, yana tafasa a 212. Tamanin da biyar ɗin da ka firgita mutane da shi, in an juyo shi namu, 29 ne da 'yan kai. Ashirin da tara, taubashi, yanayin da kai kake cewa a miƙo maka bargo.

Ƙasar ƙanƙarar ma kai ka ƙaga ta. Macijin masara ake ce masa, ɗan kudu maso gabashin Amurka ne, wajen Fulorida da Jojiya da Karolaina ta Kudu da ta Arewa, wuraren da ke da zafi da gumi in lokacinsu ya yi. Girinsboro da ɗanka yake zaune, garin nan da 'yan Nijar ke da yawa, cikin Karolaina ta Arewa yake, jihar da irin wannan maciji ke yawonsa a daji ba wanda ya saya masa fitila. Ba shi da dafi. Ɓera yake kamawa ya naɗe ya matse, don haka manoman can sun saba ganinsa a gindin rumbunan masara. Launinsa ruwan lemo ne da manyan ɗige jajaye masu baƙin gefe, tsawonsa daga mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. In ya samu mai kula yakan yi shekara 15 zuwa 20. Ka yi lissafi da kanka. Yarinyar nan za ta girma, a zo neman aurenta, macijin na nan daram. Ranar kai amarya dole wani babba cikin dangi ya rungumi akwatin, kuma duk zuri'ar babu wanda ya fi kaka cancanta.

Abin da ya fi ba ka dariya, wai a biya kuɗin kuran, wato lantarki, don a ɗumama maciji, shi ne abin da ya fi komai ma'ana cikin zancen. Ni da kai jikinmu ke samar da zafinsa daga abin da muka ci, yana tsaye a wajen digiri 37 ko a Janairu ko a Mayu. Maciji bai samu wannan baiwa ba. Zafin jikinsa na wurin da ya kwanta ne. In ƙasa ta yi sanyi ya yi sanyi, ya yi nauyi, ko harshen ma da ƙyar yake fiddawa. In ta yi zafi ya yi zafi, kuma ba ya gumi balle ya huce. Dabararsa ɗaya ce tak: ya ja ciki ya sake wuri.

Saboda haka mai kiwon da ya san abin da yake yi ba ya ɗumama akwatin gaba ɗaya. Gefe guda yake ɗumamawa, ya tsaya tsakanin digiri 28 da 30, ɗaya gefen a bar shi wajen 21 zuwa 24, da dare kuma ko ya sauka kusa da 20 babu laifi. A sa masa maɓoya biyu, ɗaya a ɗumi ɗaya a sanyi, don kada tsoro ya tilasta masa zama inda jikinsa ba ya so. Kwanon ruwa a gefen sanyi. Daga nan a ƙyale shi, shi ya san lokacin da zai ƙaura. Wasu na manna wata 'yar shimfiɗar lantarki a ƙarƙashin akwatin, ta rufe kamar kashi ɗaya cikin uku na ƙasan. Wasu fitila suke ratayawa daga sama, wasu kuma wani ƙwan tangaran da ke ba da zafi ba haske, don kada a mayar masa da dare rana. Kowanne aka zaɓa sai an haɗa shi da na'urar da ke yanke wuta in zafi ya kai inda aka ce ya tsaya, kuma bakin ma'aunin a ƙasa ake ajiye shi, daidai inda cikin macijin ke taɓawa. Dalili kuwa, masu kiwon sun sha ganin macijin da ya kwanta kan abu mai zafi har fatar cikinsa ta ƙone bai tashi ba. A nan ne kawai na ga ya gaza ka wayo, don kai ko tartsatsi ya faɗo kusa da kai sai unguwa ta ji.

Abincinsa ɓera ɗaya ne duk kwana 7 zuwa 14, daskararre, a ciro shi daga firigo a narkar. Da ya haɗiye sai ya ja jiki gefen ɗumi ya lafe, don zafin ne ke narkar masa da abincin. In wurin ya yi sanyi, ɓeran ya fara ruɓewa a ciki kafin ya narke, sai ya amayo shi. Na faɗa maka wannan ne saboda na san halinka na tashi tsakar dare neman abin taɓawa. Ranar da Allah Ya kai ka Girinsboro, ka kunna fitila kafin ka zura hannu cikin firigon surukarka.

Yanzu tsakaninka da Allah, duk wannan bayani wa ya tuna maka? Ni dai tun ina karantawa nake ganin mutum guda. Watan ɗari, an idar da asuba, ka koma ka dunƙule, ba mai jin ɗuriyarka sai hantsi ya dubi ludayi. Sannan ka fito da rawani har hanci, ka jingina da bangon masallaci ta gabas, kai da ƙadangaru kowa da gurbinsa, ba mai gaida wani. In an yi maka magana a lokacin, amsar sai ta yi tafiyar yini kafin ta iso. Rana ta ɗaga, jini ya tsinke, baki ya buɗe, ka fara gyara siyasar duniya. Kafin azahar ka ja tabarma zuwa gindin bedi. Jan tabarmar nan kuwa abin kallo ne, don ban taɓa ganin ka miƙe tsaye ka ɗauke ta ba. Kana kishingiɗe, inuwa ta gusa, rana ta taɓa maka ɗan yatsan ƙafa, sai ka ɗaga ƙugu kaɗan, ka sa diddige ka turo tabarmar taki ɗaya, ka sauke ƙugu, ido a rufe. Haka za ka yi ta zagaya itacen har la'asar, wanda ya san ka yana iya duban inda ka kai ya faɗi ƙarfe nawa. In bazara ta yi ka koma gindin gawo, tunda shi da rani yake ganye, ka ce wai gonar kake dubawa. Bayan tuwo kuma ka nemi wuri mai ɗumi ka yi barcin kasa.

Wuri ɗaya kuka raba hanya. Tunda maciji ba ya ƙona abinci don ɗumama jiki, abin da yake ci bai fi kashi ɗaya cikin goma na abin da dabba mai ɗumin jini, mai nauyinsa, take buƙata ba. Kai ka ɗauki zaman maciji ka haɗa da cikin kura. Fura da hantsi, dambu da kopto da rana, tuwo da dare, shayi zagaye uku a tsakani. Ko kusa ba a yi wa uwargida adalci ba.

An kuma ce da hankalinka ya dawo, ɗan kasuwan da ke cikinka ya motsa. Wai ka ji ana sayen macizai da tsada, za ka sa a aiko maka mace da namiji ka fara kiwo a Tabla. Ban ce ƙarya ka ji ba. Togo da Benin da Gana sun daɗe suna fitar da wata ƙaramar mesa mai dunƙulewa zuwa Turai da Amurka, da takardun izini, 'yan uwanmu masu zuwa cin rani Lome da Kwatano wataƙila sun wuce ta gaban gidajen kiwon ba su sani ba. Amma kai matsalarka a juye take. Su can kuɗin ɗumi suke biya, kai na sanyi za ka biya. A Afrilu da Mayu zafin ƙasarmu kan haura digiri 40 a inuwa, cikin ɗakin kwanonka kuwa sai abin da Allah Ya yi. Macijin da ke neman kusurwa mai digiri 24 ina zai same ta? In akwatin duka ya wuce 35 ba wurin gudu, ya shiga hatsari, in kuma rana ta faɗa kan gilashin, kafin ka gama zagayen shayi na biyu jarinka ya miƙe. Fanka ba za ta cece shi ba, tunda mai gumi take sanyayawa. Na'urar sanyaya ɗaki kuwa kuran take so, kuma ka fi ni sanin lokacin da kuran ya fi son tafiya hutu.

Abin da ya rage maka dabarar kakanni ce: ɗakin ƙasa mai kaurin bango, da yumɓu mai tsatsafo. Wani malami a Dutse ta Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000 saboda tukunya cikin tukunya. Ƙarama cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, jiƙaƙƙen tsumma a bisa, ruwan na tsatsafowa yana bin iska yana tafiya da zafin, tumatir da yalo su daɗe ba su lalace ba. A busasshiyar iska irin tamu ta fi aiki. Sai dai ka je da bakinka ka gaya wa uwargida cewa randarta kake so ka saukar da baƙo daga Amurka. Ka gaya mini ranar, in turo amalanke ta kwashe mata kaya.

Ɗari ma ba zai bar ka ba. A Disamba da Janairu dare kan sauko wajen digiri 15, dole a ɗan ɗumama masa in yana cin abinci. Da me? Kaskon garwashinka, wanda ko jikokinka ba ka matsa musu su ji ɗuminsa? Kaskon nan ma tun da ya shigo zance, ka daina kwana da shi cikin ɗaki a rufe. Gawayi na fitar da wata iska marar wari da ke kashe mutum cikin barci, kuma ni ban shirya neman sabon abokin wasa da tsufana ba. In kuwa haihuwa kake so su yi, masu sana'ar kan daina ba su abinci, su sauke musu zafi zuwa wajen digiri 10 zuwa 13 har wata biyu ko uku, su yi kwancin sanyi, sannan a ɗumama su su yi barbara. Ƙwan kuma a riƙe shi a 27 zuwa 28 kusan wata biyu kafin ya ƙyanƙyashe. Mutumin da kazarsa ke kwanci a bayan rumbu bai sani ba sai ya ga 'yan tsaki, shi ne zai tsare ma'auni wata biyu?

A ce ma duk ka haye. Ranar Lahadi kasuwar Balleyara ta cika, raƙuma a gefe, tumaki a gefe, ga jajayen shanun azawak irin waɗanda ake kiwo a Tukunus, dillalai na ta ciniki cikin hannun riga, sai ga ka da akwati a ka. Wa zai taya? Kai da kanka a nesa za ka tsaya kana nuna hajar da sanda. Ko ka manta bikin da muka je, da magariba, ka taka igiyar guga a bakin rijiya? Tsallen da ka yi ko ɗan kokawa ya yi shi sai an yi masa kiɗa. Takalmi ɗaya ka bari a wurin, da safe yara suka kai maka. Hausawa sun ce wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Kai ko sau ɗaya ba a sare ka ba, gudun bashi kake ci.

Amma tsoron naka ban raina shi duka ba, wurin ajiye shi ne ba ka iya ba. Kana salati kan na cikin waya, marar dafi, mai nisan teku, alhali na kwarin Dallol Boso suna nan bayan ɗakinka, kuma lissafin da jikarka ke yi wa nata da ma'auni, shi namu ke yi wa kansu ba ma'auni. Ko macijin rijiyar Kusugu da ake ba da labari a Daura, ka tambayi kanka me ya kai shi rijiya. Ni ban ga alamar sarauta ya je nema ba, wuri mai sanyi da laima ya samu ya ƙi fita.

Da bazara, rana ta fi ƙarfinsu, sai su nemi inda ka fi so: gindin randa, bayan buhuna, ƙarƙashin turmi, bakin rijiyoyin lambu da ke cike da kwarin nan tunda ruwa kusa yake. Sai dare su fito, daidai lokacin da kowa ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Da damina ake fin yawan sara, don manomi na duƙe cikin ciyawa da hannu da ƙafa a waje. Da kaka su bi ɓeraye ƙarƙashin dammunan gero. Da ɗari su shige tarin kara da itace da duwatsu su yi lamo, hantsi ya yi su fito shan rana, mai ɗibar kara da sassafe ya zura hannu ya same su a gida. Kasa ba ta gudu, tana kwance sai an taka ta. Kumurci ido yake nema da tofi, wanda ya samu kuwa a wanke masa da ruwa mai yawa nan take. Wadda ta fi su ɓarna ita ce mafi ƙanƙanta, kububuwa, rabin mita ko ɗan fiye, launin ƙasa, in ta fusata ta goga jikinta da jikinta ka ji wani sauti shuu. A ƙasashen nan namu na Afirka ta Yamma ita ta fi kowane maciji kisa. Dafinta hana jini daskarewa yake yi. Mutum ya ga kamar ya tsira, ya koma gida, sai dasashi ya fara zubar jini, tsohon miki ya buɗe. A asibiti sukan ɗibi jinin a zuba cikin busasshiyar kwalba mai tsabta a bar shi minti 20, in bai daskare ba an san dafin ya shiga, sai allurar maganin dafi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa maciji na saran mutum kusan miliyan 5.4 a shekara, tsakanin 81,000 da 138,000 su mutu, kuma a 2017 ta sa saran maciji cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci. A Kaltungo ta jihar Gombe har asibiti guda aka ware don wannan kaɗai. Shawarar hukumar kuma ta saɓa wa duk abin da majalisarku za ta yi in abin ya faru. Kada a ɗaure da igiya tam, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a tsaya jiran baƙin dutse ya manne. A cire zobe da awarwaro tun wurin bai kumbura ba, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutum a nufi asibiti. Na san za ka shafa layar da ke damtsenka ka ce kai an dafa ka. Wanda aka dafa ba ya barin takalmi a bakin rijiya.

Don haka kuɗin da ka ware na jarin macizai, Lahadi mai zuwa ka shiga Balleyara ka sayi tocila mai kyau da takalmin roba mai rufe idon sawu, ka sayo wa masu yi maka noma su ma, tunda su ke shiga ciyawar kai kana gindin gawo. A ɗaga randa bisa duwatsu yadda za a ga ƙarƙashinta, a janye tarin karan nan daga jikin bangon ɗakin kwana, a rataya gidan sauro a cusa bakinsa ƙarƙashin shimfiɗa ko a tsakar gida aka kwana. Canjin da ya rage ka riƙe, maganar kuɗin shara na nan tafe watan cika-ciki, ban manta ba.

Sunan jikana kuma yana nan bayan girbi, kada ka ce ba a gaya maka ba. Na sa an share maka ɗakin baƙi, wancan na jikin rumbu. Bangonsa na gabas yana shan hantsi sosai, akwai randa a kusurwar yamma, ɓeraye ma ba laifi. Ka taho da tocilar.